Doguwar Sallar Inji Na Uku

Ranar Asabar da ta wuce malaminmu ya rubuta lissafin ingancin inji a kan allo, layi uku kacal. Awa nawa injin ya yi yana aiki cikin awannin da aka tsara masa, da wane sauri ya yi gudu, sannan cikin kayan da ya fitar nawa ne suka fito lafiya. A ninka ukun a sami lamba ɗaya. Mubarak, wani ɗan ajinmu daga Kaduna wanda bai taɓa shiga masana'anta ba sai a bidiyo, ya jingina da kujera ya ce, "Yanzu don wannan ake biyan mutum albashi a Dubai? Ai ƙanwata ta firamare ma za ta yi shi." Aka yi dariya. Na fara ɗaga hannu, sai na mayar da shi na gyara tabarau. Ni ne babba a ajin, na girmi wasunsu da shekara goma sha biyar, amma magana a gaban mutane ba ta zo mini da sauƙi. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na so in faɗa.

Shekara tara na yi ina wannan aikin kafin in koma makaranta, a wata ƙaramar masana'anta da ke unguwar Ras Al Khor a Dubai, inda muke yin jarkokin roba da ake ɗura baƙin mai na mota. Injuna huɗu gare mu. Kowanne yana narka ƙwayoyin roba, ya zubo ta kamar hanji mai zafi, mazubi ya rufe a kanta, iska ta hura ta ta ɗauki siffar jarka, ruwan sanyi ya zagaya jikin mazubin ta daskare, sannan ya buɗe ta faɗo. Aikina shi ne in tsaya da fom da biro da agogon dannawa, in rubuta duk lokacin da inji ya tsaya, da minti nawa ya yi, da dalili. Ma'aikata suna kira na Malam Biro.

Makon farko ban rubuta ko layi ɗaya ba, domin Baba Sale ya karɓe fom ɗin ya sa a aljihun rigarsa ta aiki. Shi ne babban makanike, mutumin Kano, ya fi kowa daɗewa a gidan, gemunsa fari tas, yatsunsa duk tabon ƙunar roba. Yana da wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako wadda ba na jin ya taɓa kwance ƙusa da ita. Yakan ɗora bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya miƙo mini ita ranar farko.

"Me ka ji?"

"Ƙara, Baba."

"Ƙara kowa ma yana ji, har mai gadi. Ka je ka dawo gobe."

Sai a kwana na shida na iya bambanta kukan famfo mai lafiya da wanda iska ta shige shi. Ranar ya mayar mini da fom ɗina, ya ce agogo zai gaya mini yaushe inji ya tsaya, amma dalilin tsayawar sai na nema da kunnena da ƙafata. Ya kuma sa na sayi ƙaramin littafi na aljihu. Fom na kamfani ne, gurabensa ƙanana, ba ya ɗaukar bayani. A littafin nake rubuta abin da na gani da idona, da lokacinsa, da wanda ya faɗi me.

Lissafin sauri shi ne ya fara koya mini cewa lambar nan ba daga sama take saukowa ba. A jikin kowane inji akwai farantin ƙarfe da aka rubuta jarka nawa zai iya fitarwa a awa. Waɗanda suka ƙera shi sun gwada shi ne a ƙasa mai sanyi, da kwalba mai siririn jiki. Tamu jarkar mai kauri ce, tana buƙatar daɗewa a mazubi. Idan ka auna da lambar faranti, injin kullum rago ne. Idan ka auna da saurin da muka saba, kullum gwarzo ne. Manajoji uku na yi aiki da su, kowanne da wadda ya zaɓa, kuma kowanne ya ce tasa ce gaskiya.

Ƙirga kayan da suka lalace ma ba sauƙi. Jarkar da ta fito a karkace ko da huji, mai kula da inji yakan wurga ta cikin injin niƙa da ke gefensa, ta koma gari, a sake narka ta. Kafin ka juyo babu ita babu alamarta, ga shi ta ci wuta ta ci lokaci. Na roƙa aka ajiye buhu a gefen kowane inji, a tara su sai na ƙirga a niƙa. Wata biyu ana yi mini kallon mai neman fitina. Waɗanda kuma suka tsallake idonmu su ne masu tsada. Masu sayen jarkokinmu kamfanonin ɗura mai ne, amma ƙorafi yakan tsallako su ya iso mu. Akwai wani Alhaji ɗan Kano mai shago a Deira da ya taɓa zuwa har ƙofar masana'anta riƙe da jarka a leda, ya ce da jin akwai Hausawa a ciki shi ya sa ya zo da kansa. "Jarkarku ta yi mini fitsari a kwantena," in ji shi, "tun daga nan har Legas, a kan katan-katan na fitilun mota." A fom ɗina na ranar da aka yi ta, an rubuta ta cikin masu lafiya.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce shekarar allo. An kawo sabon manajan samar da kaya, Injiniya Tarik, Bamisire, mai saurin tafiya da saurin magana. Ba mugu ba ne. Masu kamfani ne suka matsa masa, suna son sanin ko su sayi inji na biyar ko huɗun nan za su iya ƙara ƙoƙari. Ya sa aka kafa farin allo a bakin ƙofa, duk ranar Litinin ana rubuta lambar kowane inji, da kore idan ta kai, da ja idan ta gaza. Ya kafa doka: injin da ya yi mako uku a jere yana ja saboda lalacewa, makanikensa zai karɓi takardar gargaɗi. Takarda uku, ba za a sabunta wa mutum kwantiragi ba, kuma a garin nan wanda ba shi da kwantiragi ba shi da biza.

Kafin allo, in na tambayi dalilin tsayawa, ana gaya mini a kalma biyu. Bayan allo, kowace tsayawa ta zama shari'a. Makanike ya ce laifin mai kula da inji ne, shi kuma ya ce robar da aka ba shi ce mai danshi, mai sito ya ce haka aka kawo ta. Ni kuma ina tsakiya da biro.

A fom ɗin akwai gurbi ɗaya da ba ya cutar da kowa, wato tsayawar da aka tsara. Cin abinci da salla suna ciki. Ba mu da mai karɓar aiki in mutum ya tashi, don haka kamfani ya yarda a tsayar da inji a je a yi salla, kuma waɗannan mintoci ana cire su gaba ɗaya kafin a yi lissafi. Inji ba ya ja saboda salla.

Inji na uku Habu ne ke kula da shi, mutumin Haɗeja, yayana a shekaru, ɗakinmu ɗaya a Hor Al Anz, gadonsa a ƙarƙashin nawa. Baba Sale ne makanikensa. Da zafi ya shigo sosai a wannan shekara, injin ya ɗauki wata ɗabi'a. Da safe lafiya lau. Da rana ta take, sai jarka ta ƙi sakin mazubi, ta manne kamar ƙullin alewa, dole a tsaya a ɓamɓare ta. Baba Sale yakan jawo tiyo ya yi ta kwarara wa mazubin ruwa har ya huce, wani lokacin rabin awa, wani lokacin fiye. Ya san dalili. Ruwan da ke sanyaya mazubi daga wani inji yake zuwa da ke kan rufi, wanda muke kira cila, kuma cilar inji na uku ta gaji. Sau biyu ya gaya wa tsohon manaja da baki, aka ce masa inshallah.

Na tuna ranar farko sarai, wata Talata ce. Jarka ta manne ƙarfe goma sha biyu da minti ashirin, ana gab da kiran azahar. Baba ya ce mu je mu yi salla, shi zai bi bayanmu in ya gama. Muka yi, muka dawo, injin bai tashi ba sai ƙarfe ɗaya. Na tsaya da biro ina tunanin yadda zan raba mintocin, kaza na salla, kaza na lalacewa. Habu ya leƙo ta kafaɗata.

"Malam Biro, me kake ta lissafi? Rubuta salla."

"Yaya Habu, sallar ba ta kai minti arba'in ba."

"Ka ga na riƙe agogo ina yi? Lokacinta ne ko ba lokacinta ba ne?"

"Lokacinta ne."

"To. Makon jiya ja muka yi. In muka ƙara biyu, wa za a ba takarda, ni ko kai? Tsohon nan da ya kusa sittin, in aka sallame shi wa zai ɗauke shi a garin nan?"

Na waiwaya na ga Baba Sale a durƙushe, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana naɗe tiyo. Na rubuta salla, minti arba'in. A ƙaramin littafina kuma na rubuta abin da ya faru.

Daga nan abin ya zama tsari. Muka daina tashi salla da kiran farko, sai mu jira jarka ta manne, tunda ba ta saɓa alkawari. Da la'asar ma haka. Inji na uku ya koma kore, mako bayan mako, har ya fi sauran. Baba Sale ba ya duba fom, bai san abin da muke yi ba. Yakan tsaya gaban allon da safe ya girgiza kai ya ce, "Wannan allon naku bai san inji ba." Wata rana ya tare Injiniya Tarik a hanya ya yi masa maganar cila. Ina kusa na ji amsar. Injiniya ya nuna allo da biro ya ce, "Baba, habibi, injinka ya fi kowane lafiya a gidan nan. Kuɗin gyara na inji na ɗaya ne, shi ne ja." Aka gyara wa inji na ɗaya abin da bai kai rabin matsalar na uku ba. Lambar da na rubuta don in kare Baba ita ce ta hana a saurare shi.

Mako bakwai muka yi a haka. Abin da ban lissafa ba shi ne Injiniya yana da wata takarda daga sito, wadda ke nuna jarka nawa suka shiga kowace rana. Injin da ya fi kowa kore shi ne ya fi kowa ƙarancin kaya, ga wani kamfanin mai yana jiran oda da muka makara. Ya kwashi fom-fom ɗina ya zauna da su. Ranar Laraba da yamma ya kira Habu ofis, ya ce in zo in yi tafinta, don Larabcin Habu na kasuwa ne.

"Tambaye shi," in ji Injiniya, "izu nawa yake karantawa a raka'a ɗaya? Ni ma Musulmi ne, ina yin azahar a minti goma har da alwala. Shi minti arba'in, hamsin. Da la'asar kuma haka. Pakistanawan inji na biyu ba salla suke yi ba?"

Na fassara. Habu ya dubi ƙasa, ya ce in ce masa a yi haƙuri.

"Haƙuri? Mutum ya saci lokacin kamfani ya ɓoye a bayan salla? Wannan ba ta takarda uku ba ce." Ya turo masa takardar sallama. "Kwantiraginsa wata biyu ya rage. Khalas, magana ta ƙare, ba zan sabunta ba."

Ina tsaye, littafin yana aljihun ƙirjina, ban ciro shi ba. A bas ɗin kamfani da muke komawa gida, Habu ya zauna kusa da taga, takardar a ninke a hannunsa. Sai da muka wuce Abu Hail ya yi magana. "Kar ka gaya wa Baba," ya ce. "Ni na ce ka rubuta. Ina da sauran ƙarfi, zan nemi wani wurin." Ni da shi mun san yadda neman wani wurin yake, ga yara huɗu a Haɗeja da ke jiran ƙarshen wata.

Magana ba ta kwana a masana'anta. Washegari da rana, a ɗakin cin abinci, ma'aikata suka dinga wucewa suna gaishe da Habu da "Salamu alaikum, ya Imam." Wani ɗan Bangaladash har da ɗaga hannu wai a sa shi a addu'a. Baba Sale yana gutsurar burodi yana dangwala miyar wake, ya ɗago.

"Habu, yaushe aka naɗa ka liman ban sani ba?"

"Wasa ne kawai, Baba."

"Wane irin wasa?" Ya juyo gare ni. "Nura, kai ba ka iya ƙarya da baki ba. Gaya mini."

Na gaya masa, tun daga Talatar farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye burodin, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wato duk wannan lokacin da nake durƙushe da tiyo, a takarda salla ake yi."

"Don kar a ba ka takarda ne, Baba," in ji Habu.

"Na ji. Allah ya saka da alheri. Amma ku duba abin da kuka yi. Inji yana ciwo kun ce lafiyarsa ƙalau, an hana shi magani. Salla ba ta yi komai ba kun ɗora mata laifi, yanzu ana yi mata dariya a ɗakin abinci. Ni kuma in ci gaba da cin albashi kai ka koma gida?" Ya miƙe. "Nura, littafin nan da na sa ka saya, kana rubutawa?"

"Kullum."

"Gaskiya ko irin ta fom?"

"Gaskiya."

"Yalla, tashi mu je."

Injiniya Tarik yana waya muka shiga. Baba ya jira ya gama, sannan ya karɓi littafin daga hannuna ya ajiye a kan tebur, ya ce in karanta masa da Turanci, rana bayan rana. Na karanta. Lokacin da jarka ta manne, lokacin da muka tafi salla, lokacin da muka dawo, lokacin da inji ya tashi. Injiniya ya jawo fom-fom ɗin yana bi da yatsa yana gwadawa. A mako na uku ya ɗaga hannu in tsaya.

"Rubutun waye a fom ɗin nan?"

"Nawa ne."

"A littafin fa?"

"Nawa ne."

"To wanne zan yarda da shi?"

Baba Sale ya dubi agogon bango, ƙarfe goma sha biyu ta ɗan gota, ya ce da Larabcinsa mai nauyi, "Kar ka yarda da ko ɗaya. Zo mu hau sama."

Tsanin ƙarfe ne, sai da muka naɗe hannu da tsumma kafin mu kama shi. A kan rufin babu inuwa ko ta tafin hannu. Cilar inji na uku tana can ƙarshe inda rana ke dukanta tun safe. Cikin fankokinta biyu ɗaya ta mutu, ragar da iska ke bi kuma yashi ya toshe ta ya daskare. Baba ya buɗe murfin tankin ya ce Injiniya ya sa hannu. Ya sa, ya zare, ya dubi yatsunsa. Ruwan da ake cewa na sanyi da ɗuminsa, kamar wanda aka surka wa jariri. Muna nan tsaye muka ji ƙarar inji na uku ta ɗauke a ƙasa.

"Ga liman ya tayar da salla," in ji Baba.

Injiniya bai yi dariya ba a lokacin. Ya tsaya yana goge wuya da hankici, ya tambayi Baba me ya sa bai rubuto masa ba. Baba ya ce shi da baki ya saba faɗa, kuma ya faɗa. Injiniya ya ce ya tuna, ya kuma tuna amsar da ya bayar.

Ranar Litinin aka raba takardu. Ni aka ba ni ɗaya saboda rubuta abin da ba haka yake ba, kuma ban yi gardama ba, tana nan cikin littafin har yau. Aka sa na sake lissafin makonni bakwai ɗin daga littafina, inji na uku ya koma ja daga sama har ƙasa. Bisa dokar allo, Baba Sale ya cancanci takarda biyu. Injiniya ya ba shi ɗaya, ya rubuta dalili: rashin kai rahoto a rubuce. Daga wannan makon ya cire maganar takardar gargaɗi daga lambar allo, ya ce ja yana nufin a zo a duba inji ne. Sai da aka yi watanni kafin mutane su yarda da gaske yake, su koma gaya mini dalili a kalma biyu. An sauya fanka, an wanke raga, an yi wa cila rumfar kwano. Maganar inji na biyar ta mutu, don na ukun da ya warke ya cike giɓin. Baba ya ƙara shekara biyu ya koma Kano da ƙafarsa, ya bar mini sukudirebar.

Takardar Habu kuwa, Injiniya ya karɓe ta ya yaga a gabansa, ya ce ya kawo fasfo a fara aikin sabunta masa biza.

Ranar farko bayan gyara, ƙarfe goma sha biyu da rabi ta wuce jarka ba ta manne ba. Habu ya tsaya yana kallon injin kamar yana jiran ya ba shi izini, sannan ya tuna, ya danna maɓallin tsayarwa da hannunsa. Na danna agogo. Muka je muka yi alwala, muka yi salla, muka dawo, ya tayar da inji, na sake dannawa.

"Nawa, Malam Biro?"

"Minti goma sha biyu."

"Har da alwala?"

"Har da alwala."

"To rubuta sha biyu," ya ce, yana kama jarkar farko da ta faɗo yana duba gindinta. "Kar ka ƙara mini ladan da ban yi aikinsa ba."